Yadda Aka Kawo Guguwa Cikin Ɗaki

Ranar Litinin 11 ga Mayun 1970, da misalin ƙarfe tara da rabi na dare, wata mahaukaciyar guguwa ta sauka a tsakiyar birnin Lubbock, a yammacin jihar Teksas ta Amurka. Irin guguwar nan ce mai juyawa, wadda ke zuro ƙafa daga cikin hadari har ta taɓa ƙasa, wadda Amurkawa ke kira tonado. Kafin gari ya waye mutum 26 sun riga mu gidan gaskiya, sama da 1,500 sun ji raunuka, gidaje fiye da 1,000 sun zama kufai. Wani bene mai hawa 20, ginin kamfanin inshora na Great Plains Life, iskar ta murɗa ƙarafan cikinsa, aka yi shekaru ba mai wuni a ciki kafin a gyara shi.

Amurka ta ga waɗanda suka fi wannan muni. Guguwar 18 ga Maris 1925 ta ratsa jihohi uku, Missouri da Illinois da Indiana, ta yi tafiyar kilomita kusan 350, ta kashe mutum 695. Duk shekara ƙasar kan ga irin waɗannan guguwoyi wajen 1,200, manya da ƙanana. Abin da ya bambanta ta Lubbock shi ne ta faɗo a ƙofar gidan injiniyoyi, domin jami'ar Texas Tech a garin take. Cikin kwanakin da suka biyo baya wasu malaman sashen gine-gine, Kishor Mehta ɗan asalin Indiya, da James McDonald, da Joseph Minor, da Ernst Kiesling, suka shiga unguwannin da suka rushe riƙe da kyamara da tef ɗin awo. Kowa na tambayar ƙarfin iskar. Su kuwa tambayarsu daban ce: ta ina wannan ginin ya fara ɓallewa, kuma me ya biyo baya? A shekarar nan suka kafa cibiyar binciken bala'o'i a jami'ar, wadda ta girma ta zama cibiyar nazarin iska ta ƙasa.

Kafin a ga nauyin tambayarsu, sai an san abin da mutane suka ɗauka a lokacin. An yi imani cewa iskar cikin tonado takan kai kilomita 800 a awa, wasu ma suna cewa tana kamo gudun sauti. An kuma yi imani cewa gida fashewa yake yi: wai matsin iska a cibiyar guguwa yakan faɗi farat ɗaya, sai iskar da ke cikin gida ta tura bango waje. Saboda haka hukuma da kanta take ba mutane shawara su buɗe tagogi idan guguwa ta tunkaro. Tun cikin shekarun 1880 aka hana masu hasashen yanayi ambaton sunan guguwar a sanarwarsu, don gudun kada jama'a su firgita, kuma ba a ɗage hanin gaba ɗaya ba sai 1950. Hasashe na farko da ya yi daidai wasu hafsoshin sojan sama biyu ne suka yi shi, Ernest Fawbush da Robert Miller, a sansanin Tinker da ke Oklahoma, ranar 25 ga Maris 1948, kwana biyar bayan wata guguwa ta ragargaza musu jirage a wurin.

A ganina wannan yanke ƙauna ya yi ɓarnar da ba a ƙirga ta ba. Idan an riga an ce abu ya fi ƙarfin kowane gini, ba maginin da zai ƙara ko ƙusa ɗaya dominsa, ba kuma mai doka da zai tilasta masa.

Mutumin da ya yi fice wajen koya wa duniya karanta ɓaraguzai ba haifaffen Amurka ba ne. Tetsuya Fujita, wanda daga baya aka fi sani da Ted, an haife shi a 1920 a arewacin tsibirin Kyushu na Japan. Ranar 9 ga Agustan 1945 jirgin da ke ɗauke da bam ɗin nukiliya na biyu ya nufi garin Kokura ne, dab da inda Fujita ke koyarwa. Gajimare da hayaƙi suka rufe garin, matuƙan suka juya zuwa Nagasaki. Bayan 'yan makonni Fujita ya bi tawagar makarantarsu zuwa Nagasaki da Hiroshima don duba ɓarnar. A maƙabartu ya tarar da 'yan gorunan da Japanawa ke zuba furanni a ciki, wuta ta ƙona gefe ɗaya na bakin kowanne. Ya auna karkatar ƙunar a wurare daban-daban, ya ja layuka a takarda, inda suka haɗu ya nuna masa cewa bam ɗin ya tashi ne a sama, wajen mita 500 daga ƙasa. Ya lura kuma itatuwan da ke daidai ƙarƙashin wurin suna tsaye, na kewaye kuwa duk sun kwanta suna fuskantar waje.

Wannan idon ya tafi da shi Amurka a 1953, lokacin da Horace Byers na jami'ar Shikago ya gayyace shi bayan ya karanta wani bincikensa kan hadari. Da guguwa ta afka wa garin Fargo a 1957, Fujita ya tattara hotuna kusan 200 daga hannun mazauna garin, ya je ya tsaya a inda aka ɗauki kowanne, ya jera su bi da bi har rayuwar guguwar ta fito daga haihuwarta zuwa mutuwarta. Daga nan ya riƙa hawa ƙananan jirage yana shawagi a kan gonakin masara bayan kowace guguwa. Daga sama ya ga wasu zane-zane masu lanƙwasa a ƙasa, zobe cikin zobe. Ya ce babbar guguwa tana ɗauke da 'ya'ya a cikinta, ƙanana masu tsananin ƙarfi, suna zagaya cibiyarta kamar 'yan mata a dandalin gaɗa, kowace tana juyi a kanta tana kuma bin da'ira. Shi ya sa za ka ga gida ya ɓace ƙurmus, na maƙwabcinsa kuwa ko taga bai rasa ba. Masana da yawa ba su yarda ba, don ba wanda ya taɓa nuna hoton abin. Fujita ya zana taswirar ɓarnar Lubbock dalla-dalla, kuma a 1971 ya fitar da ma'aunin da ke ɗauke da sunansa, daga F0 zuwa F5, wanda ke kimanta ƙarfin iska daga irin ɓarnar da ta bari. A ranakun 3 da 4 ga Afrilun 1974 guguwoyi 148 suka sauka a jihohi 13, suka kashe mutum sama da 300. Hotuna da finafinan da mutane suka ɗauka a ranar sun nuna 'ya'yan guguwar ƙarara. Shi kansa Fujita bai ga tonado da idonsa ba sai 1982.

Kafin hotunan nan su fito, wani ya riga ya ga 'ya'yan guguwa, amma a cikin ɗaki. Neil Ward ma'aikacin hukumar yanayi ne a Oklahoma, wanda tun 1961 yake bin hadari da mota yana sanar da masu na'urar rada abin da idonsa ke gani. A cibiyar binciken manyan hadura da ke garin Norman ya haɗa wata na'ura mai sauƙin fasali. Ganga ce babba a tsaye. A samanta akwai fanka mai zuƙo iska sama, a ƙarƙashin fankar kuma an shimfiɗa wani faifai mai ƙananan ramuka irin na saƙar zuma, don kada juyin fankar ya sauko ya gurɓata gwajin. A ƙasa an kewaye gangar da ragar waya mai juyawa a hankali, ta yadda duk iskar da za ta shigo sai ta ɗauki ɗan juyi. Sai a saki hayaƙi a tsakiya don ido ya gani.

Idan ragar na tafiya sannu, sai wata siririyar igiyar hayaƙi ta miƙe daga ƙasa zuwa sama. A ƙara mata gudu, igiyar ta yi kauri, iska ta fara saukowa ta cikin cibiyarta. A ƙara kuma, iskar mai saukowa ta taɓa ƙasa, sai guguwar ta rabu biyu, kowace na zagaya 'yar'uwarta. Abin da Fujita ya karanto a gonar masara, ga shi yana faruwa a gaban mutum, kuma ana iya maimaita shi sau ɗari. Ward ya rasu a 1972, shekarar da aka buga sakamakon aikinsa. A shekara ta gaba Robert Davies-Jones ya nuna cewa abu guda ne ke juya al'amarin: yawan juyin iskar idan an gwada shi da yawan hawanta sama. Masu bincike a jami'ar Purdue, Christopher Church da John Snow da Ernest Agee, suka gina babbar irinta, suka ga guguwa ɗaya tana rabuwa har gida shida. Kusan duk na'urar da aka ƙera bayan nan jikar ta Ward ce.

Su kuwa injiniyoyin Lubbock, ƙafa suka ci gaba da sawa cikin ɓaraguzai, gari bayan gari, suna lissafin ƙarfin da ake bukata kafin ƙarfe kaza ya lanƙwashe ko bango kaza ya kife. Lissafin ya nuna mafi yawan ɓarnar ba ta bukatar iskar da ake ta zuzutawa; wadda ba ta kai rabinta ba ma ta isa. Sun kuma gano yadda gida ke mutuwa. Gidajen Amurka galibi na katako ne, kuma rufin yana zaune a kan bango da ƙusoshi biyu ko uku da aka buga a karkace. Iskar da ke wucewa ta saman rufi tana ɗaga shi sama. Idan taga ta fashe ko ƙofar gareji ta faɗa ciki, iska ta samu hanya, sai ta riƙa tura rufin daga ƙasa kuma. Ƙusoshin su zare, rufin ya tashi. Bangon da rufin ke riƙe da kansa ya rasa madogara, ya kife waje. Wanda ya zo da safe ya ga bangaye huɗu a kwance suna fuskantar waje, dole ya ce gidan fashewa ya yi. Buɗe taga, ashe, gayyatar iskar ne, ga ɓata 'yan daƙiƙun da ya kamata mutum ya nemi mafaka. Daga baya hukumar yanayi ta janye shawarar.

Akwai wani abu da suka riƙa gani a kai a kai. A gidan da ya rushe kaf, sau da yawa wani ɗan ƙaramin ɗaki na tsakiya yana nan tsaye, banɗaki ko ma'ajiyar kaya. Sun ga irinsa a garin Xenia na jihar Ohio a 1974. Kiesling ya ce, tun da ɗakin da ba a gina shi don wannan ba yana tsira, me zai hana a gina ɗaya da gangan? A shekarar nan shi da ɗalibinsa David Goolsby suka wallafa shawarar ɗakin mafaka a cikin gida, a saman ƙasa, don miliyoyin gidajen da ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. To amma bangon ɗakin sai ya iya tare abin da ya fi kashe mutane, wato tarkacen da iska ke harbawa. Nan aka ƙera igwa mai aiki da matsattsiyar iska. Harsashinta katako ne, irin tubaifo ɗin da kafintocinmu ke ɗora rufi a kai, mai nauyin kilo kusan 7, ana harba shi da gudun kilomita 160 a awa. Wanda ya ga hoton gwajin ba ya mantawa. Katakon yakan huda bangon bulo mai rami ya fita ta baya, kusan ko tsagewa bai yi ba. A cika ramukan bulon da kankare a sa rodi, sai katakon ya dagargaje ya bar ɗan tabo. Ƙofa ce ta fi ba su wahala. Sai da aka kai ga ƙofar ƙarfe mai maƙalai uku da sakata uku.

Ilimin ya samu, masu ɗauka ne babu. Masu tashoshin nukiliya kaɗai aka tilasta wa yin gini da tonado a zuciya: dokar 1974 ta ce su yi shirin iskar kilomita 580 a awa a tsakiyar ƙasar, adadin da aka rage zuwa 370 a 2007 bayan awo ya inganta. Ɗakin Kiesling kuwa ya yi shekara fiye da ashirin yana jiran kasuwa. Sai da guguwar garin Jarrell ta 27 ga Mayun 1997 ta share wata unguwa har daɓe, ta kashe mutum 27, gidajen talabijin suka nuna igwar Lubbock, sannan hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta buga littafin zanen ɗakin mafaka a 1998. Ƙa'idar ƙasa ta gina irin waɗannan ɗakuna, masu jure iskar kilomita 400 a awa, ta fito a 2008.

Na'urar Ward tana da naƙasu ɗaya babba ga injiniya: guguwarta a tsaye take wuri ɗaya, alhali ta gaskiya tafiya take yi, ta zo wa gida ta gaba, ta hau kansa, ta bar shi ta baya, iskar na sauya fuska cikin daƙiƙu. A shekarun farko na wannan ƙarni, Partha Sarkar da Fred Haan da William Gallus na jami'ar jihar Iowa suka rataye tasu na'urar, mai faɗin mita biyar da rabi, a jikin ƙugiyar da ke tafiya a rufin ɗakin gwaji. A ƙasa suka jera 'yan ƙananan gidaje, kowanne jikinsa cike da ramuka masu siraran bututu da ke auna matsin iska. Suka daidaita guguwarsu da awon da rada ta ɗauko daga guguwar garin Spencer ta 1998, sannan suka bi da ita ta kan gidajen. Ƙarfin da ke fizgar rufi sama ya fito ninki biyu, wani lokaci har uku, na abin da kundin gini ya tanada wa miƙaƙƙiyar iska mai gudu iri ɗaya. Wani ɓangare na wannan ƙari daga faɗuwar matsin iska yake. Tsohuwar maganar fashewa ke nan ta dawo, amma da girmanta na gaskiya: faɗuwar matsi ba ta fasa gidan da iska ke shiga ta kafofinsa, sai dai tana ƙara nauyi a kan ginin da aka toshe shi ruf.

Texas Tech ta gina tata, VorTECH, a wani tsohon sansanin sojan sama. A 2013 jami'ar Western da ke Ontario a Kanada ta buɗe WindEEE, zaure mai kusurwa shida, faɗinsa mita 25, da fankoki 106, ƙarƙashin jagorancin Horia Hangan. A ciki ana iya tada guguwa mai faɗin 'yan mitoci a tafiyar da ita, ana kuma iya kifo iska daga sama ta bazu a ƙasa.

Duk da haka ɗan ƙaramin gida ba ya karyewa yadda babba ke karyewa, domin ba a iya ƙanƙanta ƙusa da tsagin katako. Gregory Kopp da abokan aikinsa a jami'ar ta Western suka bi ta wata hanya. Suka gina cikakken gida mai hawa biyu, suka liƙa wa rufinsa akwatuna masu zuƙa da hura iska, kowanne yana maimaita matsin da aka auna a ƙaramin samfuri, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Abin da suka gani ya fi duk wani lissafi shiga rai. Ƙusa ba ta zarewa lokaci ɗaya. Kowane bugu mai ƙarfi yakan zaro ta kaɗan, kuma ba ta komawa. Nauyin ya koma kan maƙwabciyarta, ita ma ta fara. Rufin da ya tsira bana yana iya kasancewa rabinsa a zare, ba wanda ya sani. Maganin kuwa ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake ɗaure katakon rufi da bango, sannan a ɗaure bangon da harsashin gini, ta yadda duk abin da ya ja rufi sai ya ja ginin gaba ɗaya har ƙasa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Ƙasar Hausa ba ta cikin yankunan da tonado ke addaba, amma duk farkon damina muna ganin iskar da ke gabatar hadari daga gabas tana yaye kwanon azuzuwa da masallatai da shaguna. Iska ce mai kifowa daga cikin hadari ta bazu, dangin wadda Fujita ya bayyana bayan faɗuwar wani jirgin fasinja a filin jirgin Kennedy a 1975, inda ya tuna da kwanciyar itatuwan Nagasaki. Hanyar ɓallewar rufin ɗaya ce: ta gefe da kusurwa take farawa, inda kwano ya zarce bango. Maginin da ke barin rodi ko waya daga cikin linta don a naɗe katakon rufi da ita, da wanda ke ɗaga bango ya rufe bakin kwano, suna yin daidai abin da gwaji ya tabbatar. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa a kan kwano kuwa shaida ce cewa mai gidan ya san rufinsa ba a ɗaure yake ba.

Akwai guguwar da ba ta bukatar fanka ko ɗaya. A 1978 Joseph Klemp da Robert Wilhelmson suka sa kwamfuta ta haifar da hadari mai juyawa daga lissafi zalla. Kwamfutocin lokacin ba su iya ganin tonado ɗin kansa, ya yi musu ƙanƙanta. Bayan shekaru kusan arba'in Leigh Orf na jami'ar Wisconsin ya ɗauki awon sararin samaniya na ranar 24 ga Mayun 2011, ranar da wata babbar guguwa ta ratsa kusa da El Reno a Oklahoma, ya zuba shi cikin babbar kwamfutar Blue Waters. Ya yanka sararin zuwa akwatuna kusan biliyan biyu, kowanne mita 30, ya bar dokokin iska da zafi da ruwa su yi aikinsu. Hadari ya taso, ya juya, ya zuro ƙafa. A cikinsa aka ga wani kogin iska mai sanyi, mai murɗawa, yana kwarara ta gefen gaba yana shiga cikin hadarin, abin da ido ba ya gani a fili.

Na'ura da kwamfuta duk suna bukatar a gwada su da gaskiya, gaskiyar kuwa tsada gare ta. Radar da Joshua Wurman ya ɗora a kan mota ta auna iskar kilomita wajen 480 a awa ranar 3 ga Mayun 1999 kusa da garin Moore na Oklahoma, amma a can sama da rufin gidaje. 'Yan mitocin ƙasa, inda mutane ke zaune, rada ba ta cika ganinsu ba. Tim Samaras ya riƙa ajiye na'urori a kan hanyar guguwa da hannunsa. A Manchester ta Dakota ta Kudu, ranar 24 ga Yunin 2003, ɗaya daga cikinsu ta auna faɗuwar matsin iska da kusan kashi ɗaya cikin goma a ƙasa da minti guda. Ranar 31 ga Mayun 2013 wata guguwa mai faɗin kilomita huɗu ta rutsa da shi a El Reno, ya rasu tare da ɗansa da abokin aikinsa.

Ma'aunin Fujita ma an gyara shi. Injiniyoyi sun daɗe suna cewa alƙalumansa na sama sun yi yawa, kuma bai bambance ginin kirki da na algus ba. Mehta da McDonald suka jagoranci sabon ma'auni, EF, mai duba nau'in gini da itace 28, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2007. A cikinsa matakin ƙoli yana farawa ne daga kilomita 322 a awa.

Sai Joplin. Ranar Lahadi 22 ga Mayun 2011 guguwa mai matakin EF5 ta ratsa wannan gari na jihar Missouri, mutum 161 suka rasu. An yi gargaɗi minti 17 kafin ta sauka, amma mutane da yawa sun saba jin jiniya ba tare da komai ya faru ba, sai suka tsaya neman tabbaci. Babban asibitin garin tagoginsa suka tarwatse, wuta ta ɗauke har da injin ko-ta-kwana, daga baya dole aka rushe shi. Hukumar ƙa'idoji ta ƙasa, NIST, ta yi bincike na shekara uku, ta gano mafi yawan mamatan a cikin gine-gine suka mutu, wato a inda aka ce su fake. Rahotonta na 2014 ya kawo shawarwari 16, babbar cikinsu ita ce a sa tonado cikin kundin gini. Masu binciken da suka zagaya Joplin da Tuscaloosa, wani garin da shi ma guguwa ta afka wa a 2011, sun ƙara da wata hujja mai ƙarfi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na guguwoyi ba sa wuce matakin EF2. Ko a cikin babbar ma, iska mafi tsanani siririn layi take bi a tsakiya. Mafi yawan faɗin hanyarta iska ce da gini mai ɗauri zai iya jurewa. Ba a ce kowane gida ya tsaya wa EF5 ba. Ɗakin mafaka ya tsare rai a tsakiyar layin, ɗaurin rufi ya tsare gidajen gefe, tarkacen da ke yawo a iska ma ya ragu.

Garin Moore ne ya fara amsawa, bayan ya sha duka a 1999 da 2003 da kuma 20 ga Mayun 2013, ranar da mutum 24 suka rasu, bakwai daga ciki yara ne a makarantar firamare ta Plaza Towers. A 2014 majalisar garin ta ɗaga ƙa'idar sababbin gidaje daga iskar kilomita 145 a awa zuwa 217, ta wajabta ƙarafan ɗaure rufi da ƙofar gareji mai ƙarfi. Shi ne gari na farko a Amurka da ya yi haka. Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne, babu ko ɗaya cikin waɗannan matakai da injiniyoyi ba su sani ba tun shekarun 1970.

A watan Disambar 2021 ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta fitar da kundinta na nauyin da gini zai ɗauka, ASCE 7-22, kuma a karon farko akwai babi guda, na 32, a kan tonado. Alƙaluman cikinsa daga taswirorin ɓarna da awon rada da gwaje-gwajen ɗaki aka tsamo su: ƙarin fizgar rufi, faɗuwar matsi, da kuma cewa gini mai faɗi ya fi ƙarami yiwuwar haɗuwa da guguwa. Kundin gini na 2024 ya ɗauke shi, amma ba ya zama doka a wuri sai jiha ko ƙaramar hukuma ta amince. Babin ya shafi asibitoci da makarantu da ofisoshin kashe gobara da manyan wuraren taro ne kawai. A daren 10 ga wancan wata na Disambar 2021 guguwoyi suka ratsa tsakiyar ƙasar. Wata masana'antar kyandir ta rufta kan ma'aikatan dare a Mayfield ta jihar Kentucky, bangon wani rumbun kaya na Amazon ya faɗi a Edwardsville ta Illinois ya kashe mutum shida. Rumbuna da masana'antu irin waɗannan ba su cikin babin, haka gidajen kwana, haka gidajen tirela da marasa ƙarfi ke zama a ciki, inda kaso mai yawa na mace-macen ke faruwa. Duk bayan shekara shida ake sabunta kundin na ASCE, na gaba sai 2028.